Baba ya bar taba tuntuni, me ke ci gaba da hura kumburin huhunsa?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga likitocin da ke cikinmu ce, da duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan larura. Mahaifinmu tsohon direban babbar mota ne, ya sha taba tun yana saurayi, amma ya bar ta da daɗewa. Duk da haka tarin bai bar shi ba. Kullum da asuba sai ya yi ta fitar da kaki, kuma yanzu daga gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya dafa bango ya huta. An yi masa gwajin busa, likita ya ce COPD ce, wai hanyoyin iska na huhunsa sun kumbura sun tsuke, kuma kumburin yana nan yana ci. To idan hayaƙi ne ya kawo kumburin, ga shi an daina hayaƙin, me ke ci gaba da hura shi? Na biyu, 'yata tana da asma, in ta tasar mata aka ba ta firedinisolon nan da nan take warwarewa. Shi Baba me ya sa likita ya hana mu ba shi kullum? Ba duk kumburi ba ne?

Maman_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ina nan ina jiran amsa tare da kai, don irin abin da ke damun mahaifiyarmu ke nan, ita kuwa ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba.

Abu_Hanif:
Ni a ganina asma ce ta tsufa kawai, sanyi ne ya shige shi. Ku hana shi ruwan sanyi da fanka, ku nemo masa irin maganin yarinyar, za ku ga canji.

Likitan_Ƙirji:
Amin ya Allah. Malam Abu_Hanif, don Allah kada a ba shi maganin yarinyar, za mu zo kan dalili. Asma da COPD suna kama a ido, amma abin da ke gudana a cikin huhun ya bambanta.

Ɗan_Fagge, bari in ɗauki ta farkon. Duk sanda mutum ya zuƙi hayaƙi, fatar da ta shimfiɗe cikin bututun iska ce ke fara jin jiki. Akwai kuma wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune cikin huhu dindindin, ana ce musu makarofaj, aikinsu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. In abu ya fi ƙarfinsu sai su saki sinadaran neman agaji, irin su IL-8 da TNF da LTB4. Waɗannan saƙonni ne ke janyo wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna niyutirofil, su baro jini su kwararo huhu. Niyutirofil da makaminta take zuwa, wani sinadari mai narkar da nama da ake kira ilastes, wanda aka tanada don kashe ƙwayar cuta. Amma hayaƙi ba ƙwayar cuta ba ne da za a kashe a huta. Sai makamin ya faɗa kan zaren da ke sa huhu ya tale ya koma. Ƙananan jakunkunan iska, waɗanda mutum ke da miliyoyinsu, bangonsu ya yayyage su haɗe su zama manyan kogunan da iska ke shiga ta kasa fita. Ƙananan bututun kuma su yi tabo, su yi kauri, majina ta toshe su.

Abin ya yi kama da 'yan sintirin unguwa da aka busa wa usur cikin dare, suka fito da gorori ba su tarar da ɓarawo ba, suka hau dukan ƙofofin mutane, ƙarar dukan kuma ta sa wani maƙwabci ya sake busa usur. Gutsattsarin naman da aka lalata su kansu suna kiran ƙarin ƙwayoyin garkuwa. Makarofaj ɗin mai COPD kuma ba ta iya share matattun ƙwayoyi da bakteriya yadda ya kamata. Siraran gashin da ke sharo majina zuwa maƙogwaro hayaƙi ya riga ya lalata da yawansu, sai bakteriya irin su Haemophilus influenzae su sami wurin zama a cikin majinar, kullum suna tsokanar garkuwar jiki. A 2004 James Hogg da abokan aikinsa a Vancouver ta Kanada suka wallafa abin da suka gani cikin naman huhun da aka ciro wajen tiyata: gwargwadon tsananin ciwon, gwargwadon yawan ƙwayoyin garkuwa a bangon ƙananan bututun, har wasu sun taru sun kafa dunƙule-dunƙule a wurin. Da yawa daga cikin masu ciwo mai tsananin nan sun daɗe da barin taba.

Sarkin_Mota_KD:
Innalillahi. To Likita, ashe barin tabar ba shi da wani amfani ke nan? Ni ina sha, kuma ina ta kokawar bari, amma in dai ciwon zai ci gaba ko na bari, wahalar ta mece ce?

Likitan_Ƙirji:
A'a Malam, ka tsaya ka ji ni da kyau. Babu wani magani a duniya da ya kai barin tabar amfani ga wannan ciwo. Tun 1977 Charles Fletcher da Richard Peto suka nuna haka bayan sun bibiyi ma'aikata maza a Landan shekara da shekaru: ƙarfin huhun da ya tafi ba ya dawowa, amma saurin zubewarsa yana raguwa sosai in an bari. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum kusan 6,000 ya sake tabbatarwa, waɗanda suka bari huhunsu na raguwa da kusan rabin saurin na waɗanda suka ci gaba. Wannan bambancin shi ne tsakanin tsohon da ke zuwa masallaci da ƙafarsa da wanda ba ya iya tashi ya kama ruwa sai an riƙe shi. Baban Ɗan_Fagge da bai bari ba, da yanzu wata maganar ake yi. Ka bari yau, kada ka jira azumi.

Sarkin_Mota_KD:
Na gode Likita. A taya ni da addu'a.

Ummu_Khairi:
Allah ya yaye maka, ya ba ka ikon dainawa gaba ɗaya. Iyalinka ma za su huta da shaƙar hayaƙin.

Mai_Haɗa_Magani:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu tunda harkar magani ce sana'ata. Firedinisolon da dezametason duk dangin sitiroyid ne. A yawancin masu asma, ƙwayoyin da ke jagorantar kumburin su ne iyosinofil, su kuwa sitiroyid yana kashe su da sauri. Shi ya sa 'yarka ke warwarewa. Niyutirofil da Likita ya yi bayani ba haka take ba, sitiroyid ma tsawaita mata kwana yake yi. Sannan akwai wani sinadari cikin ƙwayoyin halitta mai suna HDAC2, da shi sitiroyid ke amfani wajen rufe ƙofar da saƙonnin kumburi ke fitowa. Peter Barnes da tawagarsa a Imperial College ta Landan sun nuna a 2005 cewa wannan sinadari ya ragu ƙwarai a huhun masu COPD, kuma gubar hayaƙi ce ke lalata shi. Don haka maganin zai shiga jiki, ya rasa abin da zai yi aiki da shi a huhu, amma illarsa ba za ta fasa ba: ciwon siga, hawan jini, ƙashi ya yi rauni, yanar ido, naman cinya ya zube, garkuwar jiki ta faɗi har tarin fuka da ke kwance ya farka.

Inda yake da amfani shi ne lokacin da ciwon ya taso gadan-gadan. Nan likita kan rubuta miligiram 40 a rana na kwana 5 kacal. An gwada a Suwizalan aka wallafa a 2013, kwana 5 da kwana 14 sakamakonsu ɗaya, don haka babu dalilin jan shi. Abin da nake gani a kanti yana tayar min da hankali. Tsoho zai aiko jikansa da tsohon kwalin magani a ce a ba shi irin wannan, wata da watanni yana sha, fuskarsa ta kumbura, 'yan gida suna murna wai ya yi ƙiba. Irin ƙwayar nan ce fa wasu 'yan mata ke sha da sunan sha-ka-fashe.

Abu_Hanif:
Amma ai maƙwabcina da wannan ciwon, inhela mai sitiroyid aka ba shi a asibiti kuma ya ji daɗinta. Kun ce ba ya aiki, ga shi ya yi.

Ɗan_Lab:
Maganarka da ta Mai_Haɗa_Magani ba su ci karo ba, Malam Abu_Hanif. Masu COPD ba iri ɗaya ba ne. Akwai wani kaso daga cikinsu da iyosinofil ke da hannu a kumburinsu, kuma ana gane su da gwajin jini na yau da kullum, wannan da ake ƙirga ƙwayoyin jini gaba ɗaya. Ƙa'idar GOLD, wato kwamitin duniya da ke fitar da jagorar kula da wannan ciwo, ta ce in iyosinofil sun kai 300 a kowace maikurolita ta jini, akwai kyakkyawan zaton inhela mai sitiroyid za ta rage yawan tasowar ciwon. In ba su kai 100 ba, da wuya ta amfane shi, sai dai ta ƙara masa haɗarin kamuwa da nimoniya. Wataƙila maƙwabcinka cikin kashin farko yake. Kuma yawancin irin waɗannan inhela a haɗe suke da maganin buɗe bututun iska, wanda shi kusan kowane mai COPD yana jin daɗinsa.

Sai dai akwai abin da ke damuna game da lambar nan ta 300. A ƙasashen da tsutsar ciki ta yi ƙaranci aka tsayar da ita. Mu nan tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga iyosinofil sama sosai. Manomin shinkafa da ke wuni cikin ruwan fadama zai iya zuwa da 600 ko fiye, alhali ba daga huhunsa abin yake ba. In aka ɗauki lambar ido rufe, za a ɗora shi kan maganin da ba nasa ba.

Maman_Sadiq:
Likita, ku yi haƙuri in dawo da ku kan Innarmu, don duk bayanin nan a kan masu shan taba yake. Ita tuwo-tuwo ta yi tun muna yara, da shi ta ciyar da mu ta aurar da mu. Ɗakin girkinta ba shi da taga sai ƙofa, rufin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya har tana zubowa cikin tukunya. Da damina icen jiƙaƙƙe ne, sai ta durƙusa ta kafa baki a murhu tana hurawa, ta ɗago idonta jajir yana hawaye, ga ƙaninmu goye a bayanta yana tari. In ice ya yi wuya a haɗa da kara da leda a kunna. Yau ga ta nan, ko tsintsiya ta ɗauka sai haki. Da muka kai ta asibiti tambayar farko da aka yi mata ita ce ko tana shan taba, ta ji kunya har ta rufe fuska. Shin ciwonta da na Baban Ɗan_Fagge ɗaya ne?

Likitan_Ƙirji:
Hajiya, Allah ya saka wa Inna da alheri, ya ba ta lafiya. Irinta su ne suka fi yawa a ɗakin da nake duba marasa lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce COPD ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, ita ce ta huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 70 cikin 100 na masu ita taba ce sanadi, amma a ƙasashe irin namu taba kashi 30 zuwa 40 kawai ta ɗauka. Hayaƙin girki na cikin manyan abubuwan da suka cike sauran, don har yanzu mutum fiye da biliyan 2 da ice da gawayi da kara da kashin dabbobi da kananzir suke girki. A gundumar Masindi ta Yuganda an auna mutanen karkara da na'urar busa, aka wallafa a 2015, aka tarar kusan kashi 16 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 30 suna da ita, mata da yawa a ciki ba su taɓa shan taba ba. A Ile-Ife binciken BOLD, mai auna yawan masu wannan ciwo a ƙasashe, ya sami kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama.

Saƙonnin da ke kiran niyutirofil kusan iri ɗaya ne ko daga sigari ko daga murhu. Inda aka fi ganin bambanci shi ne a hoton huhu. Matan da hayaƙin ice ya kama sun fi samun kauri da tsukewar bututun iska da yawan majina, yagewar jakunkunan iska kuma ba ta kai ta masu taba ba. A kai ta ta yi gwajin busa in ba a yi ba. Hoton ƙirji kaɗai ba ya tabbatar da COPD. Ana ba mutum maganin buɗe bututu ya shaƙa, sannan ya busa iyakar ƙarfinsa. In iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya fitar ba, to akwai toshewa.

Baffan_Yara:
Gwajin busan nan shi ne matsalar. Yayana an ɗora shi kan maganin tarin fuka ya shanye wata 6 cif, tari bai tsaya ba. Aka sake ɗora shi, alhali gwajin kakin bai nuna komai ba. Babu wanda ya ce mana akwai wani gwajin busa sai da muka je babban asibiti a birni, muka bi layi muka biya. Mutumin ƙauye da ba shi da kuɗin mota fa? Haka zai yi ta shan maganin da ba na ciwonsa ba har ta Allah ta kasance.

Ɗan_Lab:
Wannan gaskiya ne Baffa, kuma yana faruwa da yawa. Amma a lura, tarin fukan da aka warke daga gare shi ma yana barin ɓarna. Yaƙin da garkuwar jiki ta yi da ƙwayar tibi yana sakin irin sinadaran nan masu narkar da nama, ya bar tabo da ramuka da bututun da suka lalace. Mutum zai gama magani, na'urar gwajin kaki ta GeneXpert ta nuna babu ƙwayar cuta, amma numfashi bai koma daidai ba. In yayanka ya taɓa yin tibi na gaske a karon farko, zai yiwu shi ne asalin toshewar. Nijeriya kuwa na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan abin da muka lura, tsofaffinmu masu wannan tari da damina suna ɗan samun sauƙi, amma da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, sai ka ga gidan likita ya cika da su. Kakana har ba ya iya kwanciya, a zaune yake kwana ya jingina da bango. Lokotoro ya ce ƙura ce. Ƙurar kaɗai ke yin wannan?

Likitan_Ƙirji:
Ƙurar na da hannu, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, kuma mai laushin cikinta tana kaiwa can ƙasan huhu. Amma ba ita kaɗai ba ce. Lokacin ne mura ke yawo, kuma ƙwayar mura na cikin manyan abubuwan da ke tayar da COPD. Lokacin ne kuma ake rufe ƙofa da taga a shigar da kaskon wuta ɗaki don jin ɗumi. Huhun da garkuwarsa ke a tsaye dama, in waɗannan uku suka haɗu masa sai kumburin ya ninka. Alamomin da za ku kula da su: haki ya ƙaru, kaki ya ƙaru, ko launinsa ya koma ruwan ɗorawa ko kore. Wannan koren ma daga wani sinadari ne da ke cikin niyutirofil. In kun ga haka kada a jira gobe, domin kowace tasowa mai tsanani tana iya tafiya da wani yanki na ƙarfin huhu. Ya sa takunkumi in zai fita, a yayyafa ruwa kafin shara, kaskon wuta kuma ya tsaya a waje.

Hajiya_Turare:
To mu masu turaren wuta ina muka tsaya? Ni sana'ata ce, kuma gidan da ba turare ai ba gida ba ne.

Ummu_Khairi:
Hajiya ba wanda ya ce ki bar sana'a. Amma ɗakin mai wannan ciwo kam a tausaya masa. Ni na ga yadda surukata ke sarƙewa in an turara ɗaki an rufe. Yanzu sai ta fita tsakar gida ake turarawa, a buɗe taga hayaƙin ya fice kafin ta dawo. Igiyar leƙo ma mun daina kunna mata, gidan sauro muka ɗaura.

Malam_Na_Zaure:
Ku haɗa masa da zuma da habbatus sauda da citta. Sannan akwai saiwoyin da ake zubawa a garwashi a lulluɓa a shaƙa, suna buɗe ƙirji.

Mai_Haɗa_Magani:
Allah ya gafarta Malam, zuma da citta a ruwan ɗumi ba laifi, suna lallashin maƙogwaro, in dai ba shi da siga. Amma lulluɓa a kan garwashi, ina roƙon arziki a bar shi. Huhun da hayaƙi ya kassara ba a yi masa magani da wani hayaƙin, ko na wace saiwa ce.

Nas_A_Ingila:
Ina aiki a sashen masu ciwon huhu a nan, bari in ƙara wani abu kan maganar Ɗan_Lab. Tunda aka gano saƙonnin nan, masana suka yi ta ƙoƙarin toshe su ɗaya bayan ɗaya. An gwada infliximab mai toshe TNF, wanda ke aiki sosai a wasu cututtukan gaɓoɓi da na hanji, amma a COPD bai yi komai ba, an wallafa sakamakon a 2007. Ƙoƙarin toshe hanyar IL-8 ma bai haifar da maganin da ake ba mutane ba. Saƙonnin da ke kiran niyutirofil suna da yawa, in ka toshe ɗaya sauran su ci gaba, in kuma ka danne niyutirofil gaba ɗaya ka bar mutum ba kariya daga bakteriya. Inda aka dace shi ne ɓangaren iyosinofil. Allurar dupilumab tana toshe saƙon IL-4 da IL-13, kuma a gwajin BOREAS da aka wallafa a 2023 ta rage tasowar ciwon da kusan kashi 30 cikin 100 ga waɗanda iyosinofil ɗinsu ta kai 300. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don COPD a watan Satumba na 2024. Duk mako biyu ake yin ta.

Baffan_Yara:
Anti Nas, nawa ce allurar? Mu da na'urar busa ta gagare mu, ina mu ina allurar duk mako biyu? Wannan labarin masu kuɗi ne.

Nas_A_Ingila:
Tana da tsada ƙwarai, Baffa, ko a nan ba kowa ake ba ba, sai wanda ya cika sharuɗɗa. Na kawo ta ne don a ga cewa rarrabe irin kumburin da mutum ke da shi ba surutun masana ba ne kawai. Amma abin da na fi ganin yana canja rayuwar marasa lafiyarmu ba allura ba ne, motsa jiki ne. Muna tara su sau biyu a mako na wasu makonni, su yi tafiya, su tashi su zauna a kujera, su ɗaga abu mara nauyi. Mai haki yana tsoron motsi, in ya daina motsi naman ƙafarsa ya zube, sai ɗan ƙaramin aiki ya ƙara sa shi haki. Ɗan_Fagge, kada ku ce Baba ya riƙa salla a gida don tausayi. Wani ya raka shi, ya tsaya ya huta inda ya gaji, ya ja iska ta hanci ya fitar a hankali ta tsukakken baki. Ku duba yadda yake shaƙar inhelarsa, da yawa a baki maganin ke tsayawa. A yi masa rigakafin nimoniya da na mura in ana samu. In kuma ta kai ga an sa masa iskar oksijin a asibiti, ma'aunin oksijin na jini da ake nema ga mai COPD kashi 88 zuwa 92 cikin 100 ne, wuce haka na iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jininsa.

Abu_Hanif:
Ni har yanzu akwai abin da bai shige ni ba. Kawuna ya sha taba har ya haura shekara 80, ko tari ba ya yi. Wani kuma bai kai 50 ba ya kwanta. In hayaƙi ne, me ya sa bai kama kowa ba?

Likitan_Ƙirji:
Tambaya mai kyau. Duk mai shan taba yana da kumburi a huhu, amma ba kowa ne nasa ke zarcewa ya zama COPD ba, kuma gado na da hannu. Misalin da aka fi sani, a 1963 Carl-Bertil Laurell da Sten Eriksson a birnin Malmo na Suwidin suka gano mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da hanta ke yi, alfa-1 antitiripsin, wanda aikinsa shi ne kashe kaifin ilastes ɗin niyutirofil. Masu wannan ƙaranci huhunsu kan yage tun suna matasa, musamman in suna shan taba. Daga nan ne ma aka fara fahimtar cewa ciwon rinjaye ne tsakanin abin da ke narkar da nama da abin da ke kare shi. Wannan gadon ya fi yawa a Turawan arewacin Turai.

Abin da ya fi shafar mu shi ne ƙuruciya. Huhu yana gama girma ne bayan shekara 20 da 'yan kai. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna kusan rabin waɗanda suka kamu da COPD ba saurin zubewa huhunsu ya yi ba, tun farko ne bai kai cikar girmansa ba. Haihuwa da ƙarancin nauyi, tamowa, nimoniya a yarinta, hayaƙin ɗaki, duk suna tauye shi. Shi ya sa da Maman_Sadiq ta ambaci ƙaninta goye a bayan Inna a bakin murhu, shi na fi ji a raina. Kawunka kuma, taba ba huhu kaɗai take ci ba, akwai zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon daji, kada matasan gidanku su ɗauke shi hujja.

Ɗan_Fagge:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru sosai. Zan nemi a duba iyosinofil ɗin Baba a gwajin jininsa na gaba. Abu ɗaya, kwanan nan ƙafafunsa suna kumbura da yamma kuma yana ramewa duk da yana cin abinci. Shi ma daga huhun ne?

Likitan_Ƙirji:
Zai iya zama. Ramar tana zuwa ne saboda numfashin kansa ya zama aiki mai cin ƙarfi, ga rashin motsi, ga kuma sinadaran kumburi irin su IL-6 da ake samu da yawa a jinin wasu masu ciwon. Kumburin ƙafa kuwa yana iya nufin ɓangaren dama na zuciya ya fara gajiya da tura jini cikin huhun da ya lalace, ko kuma wata matsalar zuciya ko ƙoda ce daban. Wannan ba na jiran ranar da aka ba ku ba ne, ku mayar da shi cikin makon nan a duba zuciyar.

Injiniya_Bichi:
Duk maganar nan ƙarshenta ɗaya ne, a raba mata da ice. A koma gas ko murhun zamani mai rage hayaƙi, shi ke nan an kashe maganar.

Ɗan_Lab:
Da ma haka sauƙin yake, Injiniya. A Malawi an yi gwaji a ƙauyuka 150, aka raba wa rabinsu murhun zamani mai fanka, aka bibiyi yara fiye da 10,000, aka fitar da sakamako a ƙarshen 2016: nimoniyar yaran ba ta ragu ba. Murhun na lalacewa, mutane na haɗawa da tsohon murhunsu, ga ƙona shara da hayaƙin maƙwabta. Ba ina cewa a zauna da hayaƙi ba ne, amma sai hayaƙin ya ragu sosai, kuma a unguwa gaba ɗaya, kafin huhu ya shaida.

Injiniya_Bichi:
Wancan ai har yanzu ice ne suke ƙonawa a ciki. Ni gas nake nufi.

Maman_Sadiq:
Injiniya, mai tuwon sayarwa da ke ɗora tukunya mai cin kwano biyar, wace tukunyar gas ce za ta kai mata mako? Ribar gaba ɗaya a can za ta ƙare. Mu abin da muka iya, ƙanwata da ta gaji sana'ar mun fitar mata da murhun tsakar gida, mun hana ta kunna wuta da leda, yaran kuma a bar su wajen kishiyarta har a sauke. Da rani wannan yana yiwuwa. Damina ce ban ga yadda za mu yi ba in ba rumfa aka kafa mai buɗaɗɗen gefe ba. Akwai wanda ya taɓa fasa bangon ɗakin girki ya sa bututun hayaƙi irin na gidan burodi? Yana jan hayaƙin kuwa, kuma nawa magini zai ci?